Saitin da ke cikin fayil, amma kanel bai taɓa ganin sa ba: nazarin matsalar wata sabar Linux

Sabar da ake magana a kanta ƙarama ce. Linux ce mai tashi da systemd, manhajar da ke tayar da sabis-sabis idan an kunna inji, tana da RAM gigabayit 4, Nginx yana bakin ƙofa yana karɓar buƙatun masu shiga shafin, ainihin manhajar kuma tana gudana a baya cikin kwantenoni, wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja a cikin inji ɗaya. Ta daɗe tana aikinta ba mai tunawa da ita. Da jama'a suka ƙaru sai ƙorafi ya fara shigowa: idan cunkoso ya yi yawa shafin yakan tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya buɗe, wani sa'in ma ya ƙi buɗewa, can kuma sai komai ya dawo daidai ba tare da an taɓa komai ba.

Abin da ya rikita masu kula da ita shi ne duk ma'aunan da aka saba dubawa lafiya suke nunawa. Furosesa ba ta wahala, RAM da saura, faifan ajiya bai cika ba. Kundin Nginx ma babu kuskure a ciki, domin buƙatun da suka ɓace ba su ma iso gare shi ba balle ya rubuta su. Wanda ya riga ya shiga injin ta SSH, hanyar sarrafa saba daga nesa, yana ta aikinsa ba matsala, amma abokin aikinsa da ya zo shiga a daidai lokacin sai ya yi ta jira.

Alamu biyu ne suka nuna inda za a duba. Na farko tsawon jinkirin: ba ya zuwa barkatai, yana taruwa ne wajen sakan 1, sakan 3, wani lokaci 7. Wannan tazarar sake aika fakitin SYN ce, wato fakitin farko da ke buɗe haɗin TCP. Idan ba a amsa ba, mai aikawa yakan jira sakan ɗaya ya sake, sannan ya ninka jiran. Ke nan wani abu yana zubar da fakitin farko tun kafin ya kai ga kowace manhaja. Na biyun ya fi ban mamaki. Daga cikin sabar da kanta, umarnin `ping` yakan dawo da `sendmsg: Operation not permitted`, alhali mai bugawa yana da cikakken iko a kan injin. Da aka buga `dmesg -T`, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, sai ga layin da ya warware zancen:

`nf_conntrack: table full, dropping packet`

Abin da ya cika

A cikin kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa injin, akwai sashen netfilter, wanda katangar tsaro da sauya adireshi na NAT suka dogara a kansa. Wani ɓangare nasa, nf_conntrack, yana riƙe da jadawalin kowane haɗi da ya ratsa injin: daga ina, zuwa ina, a wane mataki yake. Kamar mai gadi ne da littafinsa a bakin ƙofa. Wanda sunansa ke ciki yana shiga yana fita, baƙo kuwa sai an sami layin da za a rubuta shi, in shafuka sun ƙare ya tsaya a waje. Shi ya sa tsohon zaman SSH bai girgiza ba, sabon ya kasa. Shi ya sa ma tambayar DNS da `ping` suka shiga ciki, domin su ma ana buɗe musu layi. Kafin kanel ya zubar da fakiti yakan gwada korar wani layin da bai tabbata ba, wanda bai ga zirga-zirga ta ɓangarori biyu ba. Idan bai samu ba, sabon fakitin ne zai tafi.

Ana karanta girman jadawalin da abin da ke cikinsa daga layin umarni:

`sysctl net.netfilter.nf_conntrack_max net.netfilter.nf_conntrack_count`

Na farko ya nuna 65536, na biyu kuma a lokacin cunkoso yana manne da shi. Wannan adadi ba wani ne ya zaɓa wa injin ba. Kanel ne ke lissafa shi daga yawan RAM a lokacin da aka loda modul ɗin nf_conntrack, wato guntun kanel da ake iya lodawa daban, kuma injin da bai haura gigabayit 4 ba amma ya wuce 1 yakan samu 65536.

Umarnin `sysctl` ba shi da wani sirri. Asalinsa daga 4.4BSD ne, a Linux kuwa aikinsa kawai karantawa da rubutawa cikin fayilolin da ke ƙarƙashin `/proc/sys`. Kowane ɗigo a sunan saiti yana matsayin rabe-raben folda, don haka `net.netfilter.nf_conntrack_max` shi ne `/proc/sys/net/netfilter/nf_conntrack_max`. Waɗannan fayiloli ba su zaune a kan faifai. Kanel ne ke nuna su muddin yana raye, kuma sashen da ba a loda ba ba shi da fayil ko ɗaya a wurin. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta dawo ta ciji mutane daga baya.

Injiniyan da ke bakin aiki ya yi abin da ya dace da halin gaggawa:

`sudo sysctl -w net.netfilter.nf_conntrack_max=262144`

Nan take ƙorafi ya tsaya. Kuma kuɗin da aka biya kaɗan ne, domin kowane layi a jadawalin yana cin kimanin bayit 300, ke nan ko ya cika maƙil bai kai megabayit 100 ba. Ya kuma san cewa abin da aka rubuta da `-w` yana mutuwa ne da kashe injin, saboda haka ya buɗe fayil `/etc/sysctl.d/60-conntrack.conf`, ya sa layin a ciki, ya loda shi da `sysctl -p` tare da sunan fayil ɗin, ya ga adadin ya fito daidai. Ya rubuta a rahotonsa cewa an gyara kuma gyaran na dindindin ne. A ganina babu sakaci a nan. Duk wanda ya koyi aikin daga bayanan da suka fi yawo, haka zai yi.

An koma gidan jiya

Bayan wani lokaci aka sabunta kanel, aka sake kunna sabar da dare. Washegari da cunkoso ya taso, sai ga jinkirin nan ya dawo, `dmesg` ya cika da layin nan dai. Aka duba fayil, yana nan, 262144 a rubuce ɓaro-ɓaro. Aka tambayi kanel, ya ce 65536.

An fara zargin sabon kanel, aka kuma yi tunanin ko sunan fayil ɗin ne da matsala, tunda systemd ba ya karanta abin da bai ƙare da `.conf` ba. Duka biyun ba su ne ba. Amsar tana cikin kundin tashin injin:

`journalctl -b -u systemd-sysctl`

Layi ɗaya ne tak, yana cewa an kasa rubuta adadin a `net/netfilter/nf_conntrack_max`, babu fayil mai wannan suna, an wuce. Bayansa kuma sabis ɗin ya ba da rahoton ya kammala lafiya, don haka `systemctl --failed` bai nuna komai ba.

Ga yadda abin ya faru. Sabis ɗin `systemd-sysctl` yana gudana ne da wuri sosai a lokacin tashi, sau ɗaya, ya karanta duk fayilolin saiti ya zuba su cikin `/proc/sys`. A wannan injin kuwa nf_conntrack modul ne da ba a loda shi sai an buƙace shi, kuma mai fara buƙatarsa ita ce manhajar kwantenoni, lokacin da take shimfiɗa ƙa'idojin NAT, can bayan an gama da saituttuka. Ke nan a lokacin da aka zo rubuta 262144, wurin rubutawar bai wanzu ba. Da modul ɗin ya tashi daga baya sai ya lissafa nasa daga RAM ya zauna a kai. Ranar da injiniyan ya gwada da hannu abin ya yi aiki ne saboda modul ɗin ya riga ya daɗe a sama. Gwajinsa ya tabbatar da cewa fayil ɗin ba shi da kuskuren rubutu, bai tabbatar da cewa za a ji shi a lokacin tashi ba.

Babu manhajar da ta yi laifi a nan. Littafin bayanin `sysctl.d` da ke zuwa da systemd ya faɗi wannan hali a fili, har ya kawo mafita biyu. Ɗaya ita ce a tilasta loda modul ɗin da wuri, ta hanyar sa sunansa a wani fayil cikin `/etc/modules-load.d`, domin `systemd-sysctl` yana jiran sabis ɗin loda modul ya gama kafin ya fara:

`echo nf_conntrack | sudo tee /etc/modules-load.d/conntrack.conf`

An bi ta `tee` ne saboda idan aka rubuta `sudo echo` da alamar turawa cikin fayil (`>`), shell ɗin mai amfani na yau da kullum, wato manhajar da ke karɓar umarninsa, ne ke buɗe fayil ɗin, ba `sudo` ba, sai a hana shi. Ɗaya mafitar ita ce ƙa'idar udev, sashen da ke lura da shigowar na'urori da modul, da za ta sake kiran `systemd-sysctl --prefix=/net/netfilter` duk lokacin da modul ɗin ya shigo. Wannan ta fi kyau ga injin da ba kullum yake buƙatar modul ɗin ba, ko wanda ake sauke shi a sake lodawa yana tsakiyar aiki. Ga sabar da ba ta taɓa rayuwa ba tare da NAT ba, ta farko ta wadatar, kuma wanda zai gaji aikin zai fi saurin gane ta. Ita aka ɗauka.

Abin da ya farka tare da modul

A wannan karon an yi abin da ba a yi ba da farko: aka ware lokaci, aka adana hoton saituttukan da ke raye da `sysctl -a` cikin fayil, aka sake kunna injin da gangan, aka sake ɗauka, aka gwama biyun da `diff`. Wannan matakin ne ya ceci lamarin, kuma shi ne ɓangaren da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa.

Girman jadawalin bai koma 65536 ba, amma kuma bai zama 262144 ba. Ya fito 131072, adadin da babu wanda ke cikin tawagar ya san da shi. Sannan wani saitin da ba a taɓa ba ya canza: `nf_conntrack_tcp_timeout_established`, wanda asalinsa sakan 432000 ne, wato kwana biyar, ya koma 600.

Umarnin da ya tona asirin shi ne:

`systemd-analyze cat-config sysctl.d`

Yana jero duk fayilolin saiti bisa tsarin da ake karanta su, kowanne da sunansa a sama. Ana tattaro su ne daga `/etc/sysctl.d`, `/run/sysctl.d` da `/usr/lib/sysctl.d`, a jera su bisa haruffan sunan fayil ba tare da la'akari da foldar da suka fito ba, kuma idan saiti ɗaya ya bayyana sau biyu, na ƙarshe ne ke ci. Jerin na haruffa ne, ba na lissafi ba, saboda haka fayil mai farawa da `100-` yana zuwa kafin mai farawa da `99-`, abin da ke kayar da masu son su zama na ƙarshe. A ƙasan jerin wannan injin akwai `99-sysctl.conf`, wanda mahaɗi ne kawai zuwa tsohon `/etc/sysctl.conf`. Tun sigar 207, a 2013, systemd ya daina karanta wannan tsohon fayil kai tsaye, sai rabe-raben Linux da dama suka riƙa sa mahaɗin don kada saitin mutane ya ɓace. Debian ma sai a siga ta 13, a 2025, ta daina.

A ƙarshen tsohon fayil ɗin akwai wasu layuka da wani wanda ya riƙe injin a da ya liƙa, babu kwanan wata, babu bayanin dalili. Biyu daga ciki su ne 131072 da 600 ɗin nan. A bayyane yake shi ma ya taɓa cin karo da cikar jadawalin, ya gyara, ya rubuta a fayil, ya tafi da yaƙinin ya gama. Daga sake kunnawa ta farko bayan tafiyarsa layukan nan ba su ƙara yin tasiri ba, saboda dalilin da ya kayar da na baya. Loda modul da wuri ya tashe su duka a lokaci guda, kuma da yake 99 yana bayan 60, tsohon ya danne sabon. Da a ce injiniyan ya yi gwajinsa da `sysctl --system`, wanda ke karanta dukkan fayiloli, maimakon `-p` da fayil ɗaya, da ya ga 131072 tun ranar.

Na 600 ɗin shi ne mai haɗari. Ma'anarsa duk haɗin TCP da ya yi shiru na minti goma za a goge shi daga jadawali. Katangar tsaron wannan sabar tana da ƙa'idar zubar da duk fakitin da ya zo a matsayin sabo alhali ba SYN ba ne. Manhajar kuma tana riƙe da haɗe-haɗe a buɗe zuwa rumbun bayanai, waɗanda da dare sukan yi shiru fiye da haka, kuma kanel ba ya aika fakitin tabbatar da rai sai bayan sakan 7200 idan ba a canza ba. Da an bar shi, da safiyar farko buƙatun farko za su riƙa maƙalewa a kan haɗin da jadawali ya manta da shi, kuma da wuya wani ya danganta hakan da gyaran da aka yi jiya a wani sashe daban.

Sauran layukan da aka liƙa ma sun cancanci a duba su, domin irin jerin nan ne da ake kwafa daga wuri zuwa wuri da sunan ƙara wa sabar sauri. Akwai `net.ipv4.tcp_tw_recycle = 1`, saitin da aka cire daga kanel ɗungurungum a siga 4.12, a 2017, bayan ya daɗe yana karya haɗin mutanen da ke fitowa ta adireshi ɗaya a bayan NAT. Akwai `net.core.somaxconn = 1024`, wanda ƙari ne a zamanin da asalin yake 128, amma tun kanel 5.4 asalin ya koma 4096, ke nan layin da aka sa don ya ƙara yanzu ragewa yake yi, kuma shi wannan yana aiki a kowane tashi tunda ba ya jiran wani modul. Akwai kuma `tcp_fin_timeout` da aka rage da niyyar gajarta TIME_WAIT, matakin jiran da haɗi ke shiga bayan an rufe shi, alhali ba shi ke iko da wannan ba. Tsawon TIME_WAIT na soket a Linux sakan 60 ne da aka kafe a cikin kanel. An cire layukan duka. Abin da aka ga yana da dalili an mayar da shi fayil guda a `/etc/sysctl.d`, kowane layi da sharhi a samansa mai faɗin abin da ya sa aka sa shi da kuma adadin asali. Lokacin haɗin da ya kafu an sa shi 86400, kwana ɗaya, wanda ya yi nesa da 7200 ta yadda ba zai yanke mai rai ba.

Me ya cika jadawalin tun farko

Duk wannan bai amsa tambayar da ta kamata a fara yi ba. Faɗaɗa jadawali ya sayi lokaci ne kawai. Da aka zauna aka ƙirga layukan da `conntrack -L` bisa matakinsu, sai aka ga mafi yawansu ba haɗi ne mai rai ba, suna TIME_WAIT ne, an gama da su suna jiran a share. Shi nf_conntrack yana da nasa agogon daban da na soket, kuma yana riƙe irin wannan layi sakan 120.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan kowane haɗi zai zauna sakan 120 bayan rufewa, jadawali mai layi 65536 zai cika da sababbin haɗi kimanin 546 a sakan ɗaya. A wannan tsarin kuma kowace buƙata tana iya cin layi biyu, ɗaya daga mai shiga zuwa Nginx, ɗaya daga Nginx zuwa kwantena, domin a sigar da ke kan injin Nginx yana buɗe sabon haɗi zuwa baya ga kowace buƙata ya rufe, sai in an ce masa kada ya yi. Ke nan buƙatu ƙasa da 300 a sakan suna iya durƙusar da injin da furosesarsa ko gumi ba ta yi ba.

Gyaran da ya fi tasiri a duk labarin bai shafi `sysctl` ba ma. A saitin Nginx aka sa `keepalive` a sashen `upstream`, tare da `proxy_http_version 1.1` da kuma share kan saƙon `Connection`, don ya riƙa sake amfani da haɗin da ya riga ya buɗe zuwa kwantenoni. Bayan haka `nf_conntrack_count` a lokacin cunkoso ya sauko ƙasa da tsohuwar iyakar 65536. An dai bar 262144 ɗin a matsayin rara, aka kuma daidaita `nf_conntrack_buckets`, yawan kwandunan da ake raba layukan a ciki, da shi, domin idan layuka suka yi yawa kwanduna suka yi kaɗan, binciken kowane fakiti yakan ƙara tsawo.

An tattauna wata shawara ta daban, wato a cire zirga-zirgar tashoshin 80 da 443, na masu shiga shafin, daga bin sawun nf_conntrack gaba ɗaya da ƙa'idar `notrack`. Hanya ce sananniya ga sabar da ke ɗaukar jama'a masu yawa. Amma fakitin da ba a bi sawunsa ba ba ya cin moriyar ƙa'idar da ke barin amsoshi su wuce, dole a rubuta masa izinin shiga da na fita da hannu, kuma NAT ba ya aiki a kansa. Tawagar ta ga cewa a girman da suke yanzu wannan ƙarin sarƙaƙiya ce da ba ta biya ba, ni ma haka nake gani. An rubuta ta a ajiye, da sharaɗin a dawo kanta idan ƙirgar ta fara haura rabin iyaka a kai a kai.

Abu biyu aka ƙara wa tsarin sa ido. Ɗaya yana gwama `nf_conntrack_count` da `nf_conntrack_max` kowane minti, ya yi ƙara idan an kai kashi 80 cikin ɗari, yana kuma karanta ma'aunin `drop` da `early_drop` daga `conntrack -S`, tunda saƙon `dmesg` ana taƙaita yawan fitowarsa kuma ba ya nuna yawan abin da aka zubar. Ɗayan ƙaramin rubutun umarni ne da ke gudana 'yan mintoci bayan kowane tashi: yana bin layukan fayil ɗin tawagar ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kanel da `sysctl -n`, in adadin ya saɓa da na fayil ya aika saƙo. Da aka gudanar da shi a kan sauran sabobin da aka gina da tsari iri ɗaya, an tarar su ma suna zaune a 65536, da layin 262144 a fayilolinsu, sai dai cunkosonsu bai kai ya fallasa su ba tukuna. An bi su ɗaya bayan ɗaya, ana share tsohon `/etc/sysctl.conf` kafin a sa modul ɗin cikin jerin lodawa da wuri, sannan a sake kunna kowace a gwama.